Ƙurar Auduga da Ƙwayoyin Gado: Binciken Ciwon Huhu Mai Daɗewa da Matsayinsa a Shari'a

Gabatarwa

Ƙasar da ta shimfiɗu daga Funtuwa zuwa Malumfashi, ta haɗo Bakori da Ɗanja da Ƙafur da Ɗandume da Faskari, ita ce rumbun Jihar Katsina. A nan ake noma masara da dawa da waken soya, a nan kuma auduga ta kafu tun kafin zuwan Turawa, sannan ta ƙara bunƙasa bayan da ƙungiyar Ingila mai kula da noman auduga, wadda aka kafa a 1902 aka kuma fi saninta da BCGA, ta gina gidajen gurza a Funtuwa da Malumfashi, layin dogo na Zariya zuwa Ƙauran Namoda kuma ya ratsa ta Funtuwa a ƙarshen shekarun 1920. Daga baya aka kafa masaƙar Funtuwa. Duk wannan arziki yana tafe da abokin da ba a cika lissafa shi ba, wato ƙura: ƙurar gurza, ƙaiƙayin sussuka da shiƙa, ƙurar buhunan hatsi a kasuwar Ɗandume, hazon hunturu, da hayaƙin itace da kara a madafa.

Wanda ya zauna da mutanen wannan yanki ya san wata mas'ala da ke yawan tasowa. Mutum biyu za su shekara ashirin suna aiki a gidan gurza ɗaya ko a sito ɗaya, ɗaya ya tsufa da ƙirji lafiyayye, ɗaya kuwa kafin ya kai hamsin ba ya iya tafiya masallaci sai ya tsaya ya huta a hanya. Idan aka tambayi dalili, amsa biyu ake ji. Wasu su ce ƙaddara ce, wasu su ce gado ne, ai ubansa ma da fuka ya rasu. Kowace daga cikin amsoshin nan tana da gaskiya a cikinta, sai dai sau da yawa ana faɗinsu ne don a rufe magana, a sauke nauyi daga wuyan kowa. Wannan maƙala za ta bayyana yadda masana suke gano aikin ƙwayar gado a ɗakin bincike, ta hanyar bin labarin ƙwaya ɗaya da ta shafi ƙurar auduga da ta masara kai tsaye, sannan ta auna abin da aka gano da ma'aunin aƙida da fiƙihu.

Abin da ƙura take yi wa huhu

Huhu kamar bishiya ce da aka kifa: maƙogwaro shi ne gindi, sai rassa suna rarrabuwa suna sirancewa har su ƙare da miliyoyin 'yan jakunkunan iska, inda jini yake karɓar iskar da rai ke buƙata. An shafe cikin rassan da majina mai kama ƙura, ƙarƙashinta kuma akwai wasu siraran gasu da ido ba ya gani, suna tunkuɗo ta sama dare da rana. Ciwon huhu mai daɗewa yana faruwa ne idan wannan tsari ya lalace ta ɗaya daga hanyoyi uku. Ko dai rassan su riƙa tsukewa lokaci-lokaci suna sakewa, wannan ita ce asma. Ko su kumbura su toshe toshewar da ba ta komawa, jakunkunan iska su yage, wannan ita ce cutar da likitoci suke taƙaita sunanta da COPD. Ko kuma naman huhun ya yi tabo ya ƙandare. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa COPD ta kashe mutum miliyan 3.23 a 2019, wanda ya sa ta zama ta uku a jerin cututtukan da suka fi kisa a waccan shekara, masu asma kuwa sun kai kimanin miliyan 262.

Ba baƙon al'amari ba ne a Arewa. A 1975 David Warrell da abokan aikinsa na asibitin Jami'ar Ahmadu Bello suka wallafa nazari a kan masu asma 106 a Zariya. A shekarar kuma suka fitar da wani a kan masu sassaƙa dutsen niƙa a wasu ƙauyuka biyu na ƙasar Kano: daga cikin mutum 126 da aka ɗauki hoton ƙirjinsu, 49 ƙurar dutse ta riga ta yi wa huhunsu tabo.

Ƙurar auduga kuwa tana da cutarta ta musamman, wadda aka fara siffantawa sosai a masaƙun Lankasha ta Ingila, ana kiranta bisinosis. Alamarta mai ban mamaki ce: ma'aikaci yana jin ƙirjinsa ya ɗaure a ranar farko da ya koma aiki bayan hutun mako, sai abin ya lafa a sauran kwanaki. Idan shekaru suka tura, ɗaurewar takan mamaye dukan mako, daga nan ta zama naƙasa ta dindindin. An daɗe ana tsammanin zaren audugar ne yake jawo ta. A 1987 wani gwaji da aka yi a Amurka, inda mutane suka shaƙi ƙurar auduga iri-iri bisa yardarsu, ya nuna cewa raguwar numfashinsu ba ta bin yawan ƙurar, tana bin yawan wani dafi ne da ke cikinta. Wannan dafi, endotoksin, ɓangare ne na bangon wasu bakteriya da ke rayuwa a kan ganye da ɓawon auduga tun tana gona. Yana nan a ƙurar masara da sauran hatsi, ko da bakteriyar ta mutu. Da aka san dafin, sai tambaya ta koma ga jiki: da me huhu yake gane shi, kuma don me wani jikin yake yi masa bore fiye da wani?

Yadda ake gane aikin ƙwayar gado

Jikin ɗan Adam an gina shi da ƙwayoyin halitta, kusan kowace ɗaya kuma tana ɗauke da wani dogon zare da ake kira DNA, a naɗe cikin ƙunshi 46, rabi daga uwa rabi daga uba. Zaren yana kama da rubutu mai haruffa huɗu kacal, waɗanda suka jeru har kimanin biliyan uku a kowane rabi. Ƙwayar gado, wadda malaman Larabawa na zamani suke kira muwarris, yanki ce ta wannan rubutu da ke ɗauke da umarnin ƙera furotin guda, furotin kuwa shi ne ma'aikacin da yake gudanar da aiki a jiki. Irin waɗannan yankuna sun kai kimanin 20,000. An kammala karanta mafi yawan rubutun a 2003, sai dai karanta harafi daban, sanin ma'anarsa daban, kamar yadda duk wanda ya yi karatun allo kafin ya shiga littattafai ya sani.

Akwai matakai biyu da bai kamata a cakuɗa su ba. Na farko shi ne kwatanta dubban marasa lafiya da dubban masu lafiya, a ga wane harafi ne ya fi yawa a wajen marasa lafiyan. Wannan yana nuna haɗuwar abu biyu ne kawai. Ɗalibin usulu zai gane matsalar nan take, domin malamansa sun yi saɓani a kan ko tafiyar hukunci tare da wata siffa, ya samu idan ta samu ya kau idan ta kau, ya isa ya tabbatar da cewa ita ce illa. Mataki na biyu, wanda shi ne aikin ɗakin bincike, shi ne a sa hannu: a cire ƙwayar a ga abin da zai ɓaci, a mayar da ita a ga ko zai gyaru. Ana yin wannan a jikin ɓeraye, ta dabarar kashe ƙwaya ɗaya tak da Mario Capecchi da Martin Evans da Oliver Smithies suka samu kyautar Nobel a kanta a 2007. Ana kuma yin sa a ƙwayoyin halittar hanyar numfashi da aka kankaro daga jikin mutum aka rena a faranti, ƙasansu a cikin ruwan abinci samansu a iska, har su fitar da majina da gasu kamar suna cikin ƙirji. Tun 2012, da Emmanuelle Charpentier da Jennifer Doudna suka bayyana dabarar CRISPR, yanke harafi ɗaya a canza shi ya zama aikin makonni.

Labarin ƙwayar da ke gane endotoksin ya fara ne da wani jinsin ɓerayen gwaji mai suna C3H/HeJ. Tun shekarun 1960 aka lura cewa idan aka yi musu allurar dafin da zai kashe sauran ɓeraye, su ba ya yi musu komai. Shekara talatin ba a san dalili ba. A 1996 Jules Hoffmann da abokansa a Faransa suka gano cewa wani ƙaramin ƙuda da aka lalata masa ƙwaya mai suna Toll ba ya iya kare kansa daga naman gwari. A 1998 kuma, bayan kusan shekara biyar na aiki, Bruce Beutler da jama'arsa a birnin Dalas na Amurka suka gano cewa ɓerayen nan suna da sauyin harafi ɗaya a wata ƙwaya 'yar'uwar waccan, mai suna TLR4. Furotin ɗin da take ƙerawa yana zaune a bakin ƙwayoyin halitta kamar mai gadi: idan ya ji endotoksin sai ya yi kururuwa, dakarun jini su taru, wurin ya kumbura. A ɓerayen nan mai gadin kurma ne. Hoffmann da Beutler sun samu kyautar Nobel a 2011.

Abin da ya haɗa wannan da manomin Bakori shi ne aikin David Schwartz a Jami'ar Iyowa, jihar da ita ma masara ce arzikinta. A 1994, tun kafin a san sunan ƙwayar, ya sa ɓerayen nan masu kurman mai gadi da wasu lafiyayyu suka shaƙi ruwan da aka tace daga ƙurar masara. Huhun lafiyayyun ya kumbura ƙwarai, na kuramen kuwa kaɗan. A 2000 ɗakin bincikensa ya koma kan mutane. An ba masu sa kai 83 endotoksin su shaƙa kaɗan-kaɗan ana auna numfashinsu, aka ga wasu hanyoyin iskarsu suna tsukewa, wasu ba sa tsukewa, aka kuma samu wani sauyin harafi a TLR4 ya fi yawa a cikin waɗanda ba su damu ba. Ba su tsaya nan ba. Suka ɗauki ƙwayoyin halittar hanyar numfashi masu wannan sauyi a faranti, suka ga ba sa amsa wa dafin, suka shigar musu da TLR4 irin ta galibin mutane, sai suka fara amsawa. Wannan mayarwar ita ce hujjar da kwatance kaɗai ba ya bayarwa.

A nan akwai abubuwa biyu da ya wajaba mai adalci ya ambata. Na ɗaya, wasu nazarce-nazarce da suka biyo baya ba su samu tasirin wannan sauyi da ƙarfin da aka fara ba da rahoto ba, har yau kuma masana ba su daina jayayya a kan girmansa a jikin mutum ba. Na biyu, kuma shi ya fi jan hankali, ɓerayen da dafi ba ya kashewa su ne suka fi saurin mutuwa idan bakteriya mai rai irin Salmonella ta shige su, saboda mai gadinsu ba ya jin shigowar ɓarawo. Ashe kumburin da yake cinye huhun mai gurzar auduga shi ne dai garkuwar da take kare shi daga mugun zazzaɓi. Saboda haka ba daidai ba ne a raba ƙwayoyin gado zuwa masu kyau da munana. Mutanen ƙasar nan sun riga sun san misalin wannan a sikila, inda mai ɗauke da ƙwaya ɗaya yake samun kariya daga tsananin zazzaɓin cizon sauro, mai biyu kuwa yake shan wahala.

A Shanghai ta ƙasar Sin an bi ma'aikatan auduga 447 da ma'aikatan siliki 472 tun daga 1981, ana auna numfashinsu bayan 'yan shekaru har tsawon fiye da shekara talatin. Numfashin masu auduga ya fi saurin raguwa, aka kuma ga cewa bambanci a wasu ƙwayoyin da ke sarrafa kumburi yana ƙara saurin ko ya rage shi. Amma a wajen wanda ya shaƙi dafin ne bambancin ya fi bayyana.

Sauran misalai, da gurbin da ke cikinsu

Irin wannan haɗuwa ta gado da muhalli tana maimaituwa. A 1963 Carl-Bertil Laurell da Sten Eriksson a ƙasar Suwidin suka gano mutanen da jininsu ba shi da isasshen wani furotin da hanta ke ƙerawa don kare jakunkunan iska daga narkewa. Mai wannan rashi idan yana shan taba, huhunsa kan lalace tun yana ɗan shekara arba'in, idan kuwa bai sha ba yana iya daɗewa ƙwarai kafin cutar ta bayyana, wani ma ba ta bayyana. Akwai kuma cututtukan da gado kaɗai ya isa ya kawo su, kamar wadda lalacewar ƙwayar CFTR take haddasawa, inda majina ke daskarewa a huhun yaro. An gano ƙwayar a 1989, aka shafe shekara talatin ana nazarin yadda furotin ɗinta yake naɗuwa da yadda yake buɗe ƙofa, har aka amince da maganin Trikafta a 2019, wanda ya sauya rayuwar mafi yawan masu cutar da suka same shi. Wannan shi ne amfanin binciken a fili, ko da yake tsadar maganin ta sa talaka ba ya kusantarsa.

Sai dai waɗannan misalai biyu, da kuma sauyin ƙwayar MUC5B da aka danganta da ƙandarewar huhu a 2011, duk sun fi yawa ne a tsakanin Turawa, sun yi ƙaranci a Afirka. Wani ƙidaye da aka wallafa a 2016 ya nuna cewa kimanin kashi 80 cikin ɗari na mutanen da aka yi manyan nazarce-nazarcen gado a kansu 'yan asalin Turai ne, 'yan asalin Afirka kuwa kimanin kashi 3 ne, alhali Afirka ce nahiyar da mutanenta suka fi bambanta da juna a rubutun gado. Ma'anar wannan ita ce, wanda ya ɗauko sakamakon Iyowa ko Shanghai ya ɗora wa ɗan Malumfashi kai tsaye ya yi ƙiyasi tare da bambanci.

Gado, sababi da ƙaddara

Shari'a ba ta ƙaryata gado ba. Bukhari da Muslim sun ruwaito daga Abu Huraira, Allah Ya yarda da shi, ƙissar mutumin da ya zo wa Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, yana shakkar ɗansa saboda launinsa ya saɓa da nasa. Annabi ya mayar da shi ga raƙumansa jajaye da ake samun mai ruwan toka a cikinsu, mutumin da kansa ya danganta hakan ga wata jijiya ta kakanni da ta fizgo, sai aka nuna masa cewa ɗansa ma haka yake iya zama. A cikin wannan akwai tabbatar da cewa siffa tana ɓuya a zuriya ta bayyana daga baya, da halaccin ƙiyasta mutum da dabba a sha'anin halitta, wanda shi ne tushen gwajin ɓeraye. Akwai kuma abin da ya fi waɗannan: an yi amfani da ilimin gado ne don a kare mace daga zargi, a kare yaro daga rasa nasaba.

Ɗaliban tauhidi a ƙasar nan sun saba da rabon hukunci da Imam Sanusi ya yi zuwa na hankali da na shari'a da na al'ada. Hukuncin al'ada shi ne alaƙar da ake tabbatarwa tsakanin abu biyu ta hanyar maimaituwa, tare da yiwuwar ta saɓa. Duk abin da ɗakin bincike yake fitarwa a wannan babi yake, kuma masu binciken da kansu da harshen rinjaye suke magana, ba da harshen yanke ba. Malaman Sunna sun yi saɓani a kan yadda za a fassara tasirin sababi, ko Allah Yana halittar sakamako a lokacinsa ne ko ta hanyarsa, amma ba su yi saɓani a kan cewa riƙo da sababi ba ya karo da imani da ƙaddara ba. Sayyidina Umar, da ya juya da jama'a daga Sargu saboda annobar Sham, ya bayyana wa Abu Ubaida cewa komawar ma cikin ƙaddarar take. Don haka mai cewa ciwon ƙirjin wane ƙaddara ce ya yi gaskiya, amma rufe hanci da buɗe tagogin gidan gurza su ma ƙaddara ce, kuma su ne aka ɗora wa bawa. Mai cewa gado ne shi ma yana iya yin gaskiya, sai dai gadon bai zama cuta ba sai da ya gamu da ƙura. A 1978 Amurka ta kafa dokar iyakance ƙurar auduga a masaƙu, cutar bisinosis ta ragu matuƙa a cikin 'yan shekaru, alhali ƙwayoyin gadon ma'aikatan suna nan yadda suke.

Hukuncin binciken da iyakokinsa

Imam Gazali a cikin Ihya ya sanya likitanci a sahun farillan kifaya, ya kuma koka da yadda Musulmin zamaninsa suka yi cincirindo a kan mas'alolin saɓani suka bar wannan fanni. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya yi wallafe-wallafe a kan magani duk da nauyin mulki. A wannan zamani majalisar fiƙihu ta Rabiɗa a Makka ta tattauna sarrafa ƙwayoyin gado a zamanta na 15 a 1998, ta halatta shi don riga-kafi da magani muddin bai jawo cutar da ta fi ba, ta haramta wasa da halittar ɗan Adam da sunan kyautata iri. Majalisar fiƙihu ta ƙasa da ƙasa da ke ƙarƙashin Ƙungiyar Ƙasashen Musulmi ta faɗaɗa maganar a zamanta na 21 a Riyad a 2013, cikin ƙuduri mai lamba 203. Ta sanya karanta rubutun gado don sanin cututtuka cikin farillan kifaya, ta sharɗanta izinin wanda za a yi gwaji a kansa ko waliyyinsa, ta wajabta sirranta sakamako, ta hana nuna wa mutum wariya saboda siffofin gadonsa. Ta kuma bambance gyaran ƙwayoyin jiki, wanda ya tsaya ga majinyaci kuma ya halatta da sharuɗɗa, da taɓa ƙwayoyin haihuwa, wanda yake wucewa ga zuriyar da ba a nemi izininta ba. Abin da He Jiankui ya aikata a Sin a 2018, na sauya ƙwayoyin jarirai tun suna matakin farko, har aka ɗaure shi shekara uku, ya nuna cewa tsoron ba na banza ba ne. Binciken da ake magana a kansa a nan bai kai can ba: faranti ne da ɓera da jinin mai yarda.

Game da ɓera, yana cikin dabbobi biyar da hadisi ya yi izinin kashe su ko da a harami ne. Amma izinin kisa bai zama izinin azabtarwa ba, domin hadisin Shaddad ɗan Ausu da Muslim ya ruwaito ya wajabta kyautatawa hatta a wajen kisa da yanka. Abin da ya dace da ƙa'idar cewa larura ana auna ta da gwargwadonta shi ne a yi amfani da mafi ƙarancin adadi, a gusar musu da zafi, a koma ga faranti duk inda faranti zai wadatar.

Izini kuwa mas'ala ce da Arewa ta ɗanɗana ɗacinta. Gwajin maganin Trovan da kamfanin Pfizer ya yi a kan yara kimanin 200 a Kano lokacin annobar sanƙarau ta 1996, da shari'ar da ta biyo baya har aka sasanta da gwamnatin jihar a 2009, ya bar tabon da ya taimaka wajen ƙauracewa allurar shan-inna a 2003. Jinin da aka ɗiba don nazarin gado ya fi na sauran gwaje-gwaje nauyi, domin yana ba da labarin 'yan'uwan mutum da 'ya'yansa, ana kuma iya ajiye shi shekaru a kai shi wata ƙasa. Sa hannu a takardar Turanci da manomi bai karanta ba ba yarda ba ce a fiƙihu, kamar yadda ciniki ba ya inganta idan an jahilci abin sayarwa. Dole a faɗa masa da Hausa abin da za a nema, inda za a ajiye, wanda zai gani, da 'yancinsa na janyewa.

Wurare biyu ne aka fi jin tsoron a karkatar da wannan ilimi. Na farko wurin aiki. Idan wata rana gwajin ya yi araha, mai masana'anta zai iya cewa zai ɗauki masu ƙirjin da ke jure ƙura kawai, ya huta da sayen injin zuƙe ta. Wannan juya ƙa'ida ce, domin ƙa'idar ita ce a gusar da cuta, ba a zaɓo wanda zai daɗe bai faɗi ba, kuma babu gwajin da yake tabbatar da cewa wani huhu ya kuɓuta. Amurka ma ta hana irin wannan wariya da doka a 2008. Na biyu aure. Gwajin sikila kafin aure, wanda Jihar Kano ta mayar da shi doka a 2024, yana da hujja mai ƙarfi saboda lissafinsa a bayyane yake: idan iyaye biyu suna ɗauke da ƙwayar, kowane ciki yana da yiwuwar ɗaya cikin huɗu. Asma da COPD ba haka suke ba, ƙwayoyi masu yawa ne kowace da ɗan tasirinta, muhalli kuma yana da nasa babban tasirin. Aibobin da Malikiyya suka ba da zaɓin raba aure saboda su sanannu ne, hauka da kuturta da albaras da cutar al'aura, kuma dukansu abubuwa ne da suka tabbata a jiki. Yiwuwar cuta a gaba ba ta cikinsu, bai kuma halatta a yi wa wani gida tambarin masu fuka har 'ya'yansu mata su rasa manema ba.

Malumfashi ta taɓa karɓar baƙuncin babban bincike. A shekarun 1970 Jami'ar Ahmadu Bello da makarantar nazarin cututtukan ƙasashe masu zafi ta Libaful suka gudanar da shirin nazarin cututtukan yankin, suka ƙidaya jama'a gida-gida, suka bi zazzaɓin cizon sauro da tsargiya da saran maciji. Idan za a maimaita irinsa a kan huhu, matakin farko ba na'urar karanta DNA ba ce. Na'urar auna numfashi ce a manyan asibitocin Funtuwa da Malumfashi, da awon yawan endotoksin a gidajen gurza da sitocin hatsi a lokacin kaka, da rajistar ma'aikata da matan da ke girki da kara, a bi su shekara da shekaru kamar yadda aka yi a Shanghai. Sai an san wanda numfashinsa yake raguwa da abin da ya shaƙa, sannan jinin da za a aika Shika ko Kano zai iya amsa wata tambaya. A kwamitin da zai duba takardar yardar kuwa, ya kamata a samu malamin fiƙihun da ya san bambancin ƙwayar jiki da ƙwayar haihuwa, ya kuma iya bayyana shi ga mai unguwa da limamin ƙauye.